Ƙwallayen Dabino a Cikin Injin

Daren Laraba, watan Shawwal, Aziziyya, Makka

Mai gidan nan zai ba alhazai haya. Ya ce in tashi, in kuma mayar da kicin yadda na same shi. Don haka yau na cire injin niƙa sharar abinci da kaina. Na kashe wuta, na jera notuna bisa tsari, amma sau uku sifanar kwance notuna tana suɓuce mini. Da na kife injin, sai ƙwallayen dabino suka zubo. Shekaru na yi ina yi wa matata, marigayiya Rabi, faɗa a kansu, kullum amsarta ita ce, "To Malam, na ji." Na wanke su, na shanya. Ban san inda zan koma ba, kuma ba ni da sauran wanda zan yi wa faɗa.