Ɗinki Huɗu a Fallowfield

Talata da dare, Nuwamba 2006

Yanzu na dawo daga asibiti, ɗinki huɗu a leɓena. Ina sauka daga bas a unguwar Fallowfield da ke Manchester samari biyu suka tare ni. Ɗaya ya kwaɗa min kwalba a fuska, ɗayan ya yi ta shurina har na saki jakar takarduna.

Kawu ya kira daga Birmingham. "Ɗan nan, tattaro ka dawo. Akwai ofishin lauyoyi a nan ma."

Na ce, "Kawu, na can sun ƙi tsaya min a biza. Na Manchester ne suka tsaya."

Ya ce, "To, Allah ya tsare."

Da ƙyar na goge wata rigar. Gobe ƙarfe tara ina da aiki a kotu.