Kada a Rushe Ɗakin Famfo

Zuwa ga Shugaban Gidan Tarihin Jirgin Ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Sa'idu, mutumin Roni a ƙasar Kazaure. A tashar da kuka mayar gidan tarihi kuwa ba wanda ya san ni da wannan suna, Sa'idu Mai Tanki ake ce mini. Na rubuto ta jarida ne domin sau biyu ina aiko da takarda ofishinka ban sami amsa ba.

A zamaninmu jirgi bai taɓa bi ta garinmu ba. Gyaɗarmu ce ke tafiya ta same shi. A kakar shekarar da aka sami 'yancin kai na hau bayan motar gyaɗa ina ɗan dako, da niyyar in yi mako biyu in dawo. Ranar da muka isa, kan jirgi ya shigo tasha yana huci, ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafata, na saki buhun da ke kaina na ruga a guje. Leburori suka yi ta dariya. Tsohon da ke kula da famfo ya kira ni ya ba ni ruwa a moɗa, ya ce in sha in nutsu, dabbar nan ba ta cizo, ƙishirwa ce ke damunta kamar kowa. A hannunsa na koyi aikin, na gaje shi da ya yi ritaya.

Aikinmu shi ne jawo ruwa daga rijiya da injin, mu cika babban tankin da ke kan ƙafafun ƙarfe. Idan jirgi ya tsaya, mu juya bututu zuwa kansa mu ɗura masa. Ba ruwa, ba tururi. Ba tururi, ko taku ɗaya ba ya yi, komai girman wanda ke cikin tarago. Ƙarƙashin tankin nan shi ne wuri mafi sanyi a tashar. Nan masu fura ke ajiye ƙoransu, nan fasinjoji ke alwala, nan ma direbobi 'yan kudu ke wanke baƙin kwal daga fuskarsu muna hira da Hausarsu mai gargada.

Bayan ƙaramar Sallah da ta wuce, 'yata Hajara, malamar makaranta a Kazaure, ta kai ni in ga wurin. Zan faɗi gaskiya, kun yi ƙoƙari. Ofishin shugaban tasha ya sha fenti, tagar sayar da tikiti tana nan yadda na bar ta, agogon bango ma yana aiki. Da na ɗora hannu a jikin tsohon kan jirgin da kuka ajiye, sai da Hajara ta miƙo mini hankici. Amma ga abin da ya hana ni sukuni tun daga ranar.

Na ɗaya, ɗakin famfo. Na zaga baya na same shi rabin kwanon ya yaye, an cusa karyayyun kujeru a ciki, akuyoyi sun kwanta a kan injin da na shafe shekarun ƙuruciyata ina gogewa. A jikin bangon an zana jan fenti. Na tambayi maigadi, ya ce alamar rushewa ce, filin ajiye motoci za a yi, ai wannan ba tarihi ba ne, ɗakin leburori ne kawai. Ban ga laifinsa ba, abin da ya ji ana faɗa ya faɗa.

Ranka ya daɗe, bari in gaya maka abin da ya faru a wannan ɗakin leburorin. A shekarar rikicin da ya zo kafin yaƙin basasa, wata rana da azahar jirgi ya tsaya shan ruwa cike da mutanen kudu masu komawa gida. Taragu sun cika har rufi, mata na miƙo kwanoni ta taga, ba mai iya sauka don tsoro. Direban, Mista Okoro, abokina ne. Kallona kawai ya yi. Da na gama ɗura wa jirgi, sai na buɗe ƙaramin famfo, mu da masu fura da 'yan dako muka dinga kai bokiti tarago bayan tarago har tankin ya ƙare ƙarƙaf. Shugaban tasha yana tsaye a bakin ofishinsa, ya juya mana baya yana duba agogo kamar bai gani ba, kuma bai kaɗa tutar tashi ba sai da muka gama. Bayan yaƙi Mista Okoro ya dawo aiki, ya rame. Ya sauko daga jirgi da galan na manja ya ajiye a ƙofar ɗakin, muka zauna tare a ƙasa. Idan wannan ba tarihi ba ne, ina roƙon a gaya mini mene ne.

Na biyu, duk allunan bayani da Turanci suke, kuma sunayen injiniyoyin Turawa kaɗai na ji Hajara tana karanto mini. Masu gyaran layin dogo, masu zuba kwal, masu canza hanya, ko ɗaya babu.

Na uku, famfon masu ziyara a bushe yake. A tashar da ruwa bai taɓa yankewa ba a hannunmu in ban da waccan ranar, sai da muka fita waje muka sayi na leda na yi alwala. Benci ɗaya babu a inuwa, a kan dutse na zauna.

Ba na jayayya da zamani. Da kuɗin mai suka zo, aka kawo jiragen dizal waɗanda ba su buƙatar ruwanmu, kwalta ta miƙe, manyan motoci suka kwashe kaya, fari ya cinye gyaɗa. Ni da hannuna na kashe injin na kulle ƙofa, na koma Roni na ɗauki fartanya. Ban yi ƙorafi ba a lokacin, don abin da ya gama aikinsa dole ya huta. Amma gidan tarihi don irin waɗannan aka kafa shi.

Saboda haka ina roƙonka da girman Allah a goge jan fentin nan, a mayar da kwano, a fitar da tarkace. A sa allo da Hausa. A gyara famfo, a ajiye benci. Fili ga motoci akwai shi a yamma, inda dā ake jibge buhunan gyaɗa. Idan kuna son wanda zai nuna yadda injin ke aiki, ina nan, ba na neman komai.

Cikin waɗanda muka yi aikin ruwa, mu biyu muka rage: ni da Audu na Babura, wanda idanunsa suka tafi shekarun baya. Na je na karanta masa wannan takarda kafin in aiko. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in ƙara abu ɗaya. Idan har kun yanke sai an rushe, a sanar da mu ranar, a jinkirta mana awa guda, a riƙe hannunsa a kai shi ya shafa ƙarfen injin.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Sa'idu Mai Tanki,
Roni.