Ɗakin da Na Yi wa Tela Alkawari

Zuwa ga Maman Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ni lafiya ƙalau, sai kewar girkinki, don abin da nake dafawa ko fursuna ba zai yi marmarinsa ba.

Na ga saƙonki. Kin ce ba ki yarda a sauke tsohon fursuna a ɗakinmu na baya ba, ga yara, ga ni a nesa. Ki yi haƙuri, na riga na yi alkawari. Tunda na fara aikin gandiroba ban ga mai ladabin wannan da muke kira Tela ba, shi ya ɗinka wa Auta rigar makarantar da kika yaba. Gaskiya ne ya soki abokin sana'arsa da almakashi, amma wata mai zuwa zai fita, kuma ba shi da kowa.

Wasu likitoci sun zo mana da babbar mota, a cikinta akwai na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Bincike suke yi a kan masu ƙeƙasasshiyar zuciya, waɗanda ba sa jin tausayi ko nadama. Ni nake raka fursunonin da suka amince. Tela ne ya fara ɗaga hannu, ni ma na ce a saka ni.

Ki gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Baban Yara

Zuwa ga Maman Yara,

Ina gaisuwa, da fatan tarin Auta ya yi sauƙi.

Kullum kina cewa babu komai a kan nan nawa. To, na gani da idona, akwai! An kwantar da ni an tura cikin wani rami mai ƙara kamar injin niƙa, ana nuna mini fuskokin mutanen da suka firgita. Da na fito likitar ta nuna mini hoton. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Zare ne bisa zare, dubbai, kowanne da inda ya nufa, babu wanda ya harɗe. Ban san lokacin da na yi tasbihi ba.

Ta nuna mini wasu wurare biyu can ciki, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce su ke zabura idan mutum ya ga tsoro ko wahala a fuskar wani, sai saƙo ya bi wata siririyar hanya zuwa bayan goshi, inda ake yanke shawara. A yawancin masu irin halin da suke bincike, wuraren ba sa zabura sosai, hanyar kuma ta raunana. Ashe jin da nake yi idan Auta ta yi kuka, har da hanyarsa aka shimfiɗa mini tun ban san kaina ba.

Na roƙe ta ta faɗa mini na Tela. Ta ƙi. Ta ce amana ce, kuma hoto ba ya yanke wa mutum hukunci. Akwai masu irin wannan ƙirar da ba su taɓa cutar da kowa ba. Ta ce tunda muna shiri, in tambaye shi.

Naki har kullum,
Baban Yara

Zuwa ga Maman Yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida.

Na sami Tela a ɗakin ɗinki na tambaye shi me ya ji da ya ga fuskokin. Bai ko tsayar da keken ba. Ya ce bai ji komai ba, bai kuma taɓa ji ba. Tun yana yaro yake zuwa gidan makoki ya zauna yana kallon fuskoki, ya koma gida ya gwada a madubi. Na tambaye shi ranar almakashin. Ya ce abin da ya dame shi jinin ya ɓata yadin mutane.

Tausayinsa ya kama ni, tsoronsa ma ya kama ni. Mutum ya rayu a cikin jama'a kamar baƙon da bai iya yarensu ba, sai kwaikwayo.

Ke ce da gaskiya. Ki bar kayanki a ɗakin bayan, ba zan sauke shi a can ba. Na samo masa wurin kwana a shagon wani tela, na faɗa wa mai shagon komai, kuma ni zan riƙa leƙa shi.

Da na gaya wa Tela bai yi fushi ba. Ya ɗago ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko wannan fuskar tawa ta tsoro ce ko ta tausayi. Na ce duka biyun. Ya ce bai taɓa ganinsu a haɗe ba, in daure in tsaya haka kaɗan ya koya.

Na tsaya masa, Maman Yara. Har yanzu ban sani ba ko taimakonsa na yi, ko makami na miƙa masa.

Ki rungume mini yaran, ki sa mu a addu'a ni da shi.

Mijinki,
Baban Yara