Maigidana Ya Ba Da Haƙuri A Kan Laifin Da Ban Yi Ba

Anti Zulai, ina gaisuwa da fatan kina lafiya ke da iyali. Don girman Allah ki ba ni shawara kafin ƙarshen watan nan. Akwai taron da za a yi a kaina, kuma idan na shiga da zuciyar da nake ciki yanzu, bakina zai yi ɓarnar da ba za ta gyaru ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi.

Ni bakanike ne a wani gari cikin ƙasar Kudan, ina gyaran babur da injin ban-ruwa. Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo noma, a nan aka haife ni, a nan na yi aure. Wanda ya koya mini sana'a wani dattijo ne, bari in kira shi Baba Maiwada, ba sunansa ba ne. Shekara tara na yi a garejinsa. Kwano ɗaya muke ci da 'ya'yansa. Ranar Lahadi shi ke korata in tafi coci idan ya ga ina nawa, ranar aurena kuma shi ya tsaya a matsayin uba, don mahaifina ya riga ya rasu. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka butulu ne ya rubuto miki.

Shekara biyu da suka wuce ƙungiyar manoman rake ta garinmu ta samu babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ke ratsa taɓo ya shiga fadama inda mota ba ta isa. Babu wanda ya san kansa. Ni na zauna da ɗan littafin da ya zo da shi, na yi ta kallon bidiyo a waya har idona ya yi ja, kafin na gane shi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shokozoba, ƙarafan nan huɗu masu sifirin, ɗaya a kan kowace ƙafa, waɗanda ke shanye gargadar hanya. Kowanne yana da zobe a gindinsa mai hawa biyar. Ka murɗa sama, sifirin ya matse, babur ya ɗauki nauyi. Ka sauko ƙasa, ya yi laushi. Kuma ba da ka ake yi ba, Anti. Sai ka auna tsayin babur babu kowa a kai, ka sa direba ya hau ka sake aunawa, ka ga iya yadda ya nutse, sannan dole dama da hagu su tsaya hawa ɗaya. Akwai wata 'yar sifana mai baki kamar lauje da aka yi don zoben kawai. Tana cikin akwatina da kwaɗo, don mutanenmu in ka bar musu abu, gobe sai ka tarar an buɗe gwangwanin tumatir da shi.

A watan jiya aka aiko mini gwaggona ta rasu. Ranar da zan tafi na canza wa babur mai, na saita duka huɗun a hawa na biyu, daidai nauyin direbansa Ismail, wani magidanci mai 'ya'ya huɗu da bai taɓa ɓata mini rai ba. Na kai babur gidan shugaban ƙungiya inda yake kwana, na kulle shago na tafi jana'iza. Kwana takwas na yi. Tun a tashar Hunkuyi na ga ana amsa gaisuwata da gefen baki. Ashe Ismail ya kai taki fadama, ya sauke, yana dawowa babu kaya sai babur ya yi tsalle a gangaren rafi ya kife da shi. Kafaɗa ta karye, haƙarƙari biyu sun tafi. Yana kwance hannun mai ɗori a tsakiyar damina, ciyawa na cinye masararsa. Gari kuwa magana ɗaya ake yi, wai hannun ƙarshe da ya taɓa babur nawa ne.

Ko jaka ban ajiye ba na wuce gidan shugaba. Ina durƙusawa na leƙa ƙarƙashi, kaina ya sara. Zoben baya biyu an kai su hawa na biyar, duk jikinsu shatin guduma. Na gaba na hagu shi ma an kai shi ƙarshe. Na dama haƙorinsa ya ɓalle wajen duka, aka bar shi a na biyu. Sannan an cusa guntayen tsohuwar taya tsakanin sifirin, an daddanna. Anti, wannan ai ba babur ba ne kuma, turmi ne aka sa wa ƙafa, turmin ma karkatacce. Da kaya a kai zai lallaɓa, nauyi na danne shi. Babu kaya fa? Ko waye a kai sai ya zubar da shi. Kuma na san yankan tayar nan, baki a karkace, tsaga a tsakiya. Shekara tara ina yanka wa Baba irinsa yana cusa wa motocin kasuwar Makarfi don su ɗauki buhuna.

Wani maƙwabcin shugaba ne ya ƙarasa mini labarin, shi bai ma san me yake faɗa ba. Ranar da taki ya zo, buhu huɗu shugaba ya sa aka ɗora a bayan babur, babur ya zauna daɓas. Ya aika shagona, a kulle. Ya kira wayata, ƙauyenmu babu sabis. Sai ya kira Baba, suka shige zaure da guduma da guntun rodi. Ismail ba ya nan. Washegari ya zo ya tarar an riga an ɗaure kaya, ya hau abinsa.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Ga wanda ya tsaya mini a maƙogwaro. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki dattawa biyu, ya tafi wurin Ismail ya ba da haƙuri a madadina. A madadina, Anti! Wai ni yaronsa ne, shi ya raine ni, a yafe mini, ƙuruciya ce da karatun waya. An ce har hawaye ya yi. Mutane sai sa masa albarka suke, wai dattijon arziki ya rufa wa yaronsa asiri. Haba! Ni da nake shekara talatin da takwas, furfura ta fara fito mini a gemu? Kafin ranar, wasu na cewa tsautsayi ne kawai. Daga ranar magana ta zauna, tunda wanda ya koya mini da bakinsa ya amsa.

Injin ban-ruwa uku aka zo aka ɗauke daga shagona ban ko kwance su ba. Matar Ismail da matata tare suke zuwa niƙa, yanzu ta canza hanya. Ni kuma na kasa zuwa duba Ismail, in je in ce masa me? Shugaba in ya hango ni sai ya kara waya a kunne. A taron ƙarshen wata za a karɓe babur daga hannuna a ba Baba, ya tayar da shi kafin yankan rake.

Matata ta ce in ɗauki hoton zoben in tura guruf ɗin ƙungiya kowa ya gani. Na ɗauka, yana cikin wayata, sau uku ina kai yatsa ina janyewa. In na yi magana, a ce wanda aka ciyar ya kunyata tsoho a bainar jama'a, wasu ma su jawo maganar addini inda babu ita. In na yi shiru, sunana ya tafi, sana'ata ta bi shi. Yaya zan yi? Na rasa wanda zan gaya wa, don duk damuwar da ta taɓa samuna a garin nan, wurin Baba nake kai ta.

Bakanike mai ɓacin rai, daga ƙasar Kudan

Ƙanena, sannu da wannan hali, Allah ya ba ku haƙurin rashin gwaggo. Fushinka yana kan hanya, ba zan ce ka haɗiye shi ba. Ni ba bakanikiya ba ce, don haka na karanta wa wani tsohon injiniyan tarakta bayaninka. Ya ce in dai abin da ka gani haka yake, babur ɗin nan bai kamata ko kaza ta hau shi ba. To ka ga maganar ta wuce sunanka.

Amma zo mu dubi Baba. Ban yi zaton ya zauna ya ƙulla maka sharri ba. Shekara da shekaru yana cusa taya a sifirin, motoci na zuwa kasuwa suna dawowa lafiya, mai yiwuwa har yau a ransa gyara ya yi. Mai yiwuwa kuma ya sani sarai, hawayen nan na gaske ne, haƙurin laifin da ke cinsa ne ya kai wa Ismail, ya kasa sa sunansa a kai sai ya sa naka. Ko wanne ne bai kyauta ba. Rainon da ya yi maka bai ba shi izinin amsa laifi da yawunka ba, ladabi kuma bai ce ka ɗauki karayar da ba kai ka jawo ba.

Kai ma da naka, kada ka ji haushina. Sifanar babur ɗin ƙungiya me take yi a akwatinka? Shekara biyu, ko mutum ɗaya ba ka koya wa murɗa zobe ba, ba ka kuma zaunar da shugaba ka gaya masa iyakar buhun da bayan babur ke ɗauka ba. Ka ce tsoron kada ta ɓata ne. Ni ina jin har da daɗin a ce in ba kai ba babu wanda ya iya. Ka tafi kwana takwas da makulli a aljihu, suka nemi sifana suka rasa, suka ɗauko guduma. Wannan bai mayar da laifin naka ba, amma ya kamata ya sassauta maka murya.

Hoton nan kada ka tura shi guruf, kada kuma ka goge shi. Ka fara da Ismail, gobe goben nan. Ka je ka gaishe shi ba tare da wani dogon bayani ba, ka nemi mutum huɗu ko biyar ku shiga masararsa da fartanya. Rashin zuwanka ma mutane sun ɗauke shi a matsayin amsa laifi.

Daga nan sai Baba, a gidansa, kai kaɗai. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, sannan ka gaya masa ka ga zoben, ka gane yankan tayar, ka kuma gaya masa abin da haƙurin da ya bayar ya jawo wa shagonka da gidanka. Kada ka nemi ya tashi a taro ya tona kansa, tsoho ba zai iya ba. Ka roƙe shi ya koma wurin Ismail da dattawan nan biyu ya ce ba aikinka ba ne, kuma ku je tare ku kwance abin da aka cusa. Shugaba kuwa, wanda a ganina ya fi kowa nauyi a maganar nan, don shi ya ɗora kayan, shi ya kira mai guduma, shi ya yi gum, ka same shi shi kaɗai ka nuna masa hoton. Ka sanar da su duka biyun cewa a taro za ka faɗi yadda ka bar babur da yadda ka tarar da shi, don kada maganar ta zo musu ba zato.

A taron ka tsaya nan, kada ka ƙara gishiri. In an tambayi wanda ya taɓa shi, ka ce a tambayi mai gidan da babur ke kwana. Ko a hannun wa za a bar shi, ka dage kada ya fita sai an canza zoben da ya karye, an cire tayoyin, an auna huɗun a gaban jama'a. Ka miƙa musu sifanarsu a wurin, ka koya wa duk mai hawa yadda ake ƙarawa in za a ɗauki kaya, da yadda ake saukarwa in an sauke.

Idan kuwa Baba ya ƙi, suka kuma nace za su tayar da shi yadda yake, to ka faɗi sunan. Da ladabi, amma ka faɗa. Za a yi da kai na wata ɗaya ko biyu, wannan za ka iya ɗauka. Wanda ba za ka iya ɗauka ba shi ne wani magidanci ya hau babur ɗin nan lokacin rake ya nufi rafi, kana zaune a shago, kai kaɗai ka san abin da ke ƙarƙashinsa. Allah ya tashi kafaɗar Ismail, ya wanke ka a idon jama'a, ya kuma bar ku kai da Baba kuna gaisawa.

Taka, Anti Zulai