Gefen Hagu Bai Yi Tsatsa Ba

Zuwa ga ƙanina, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon bayan nan naka? Ni dai ga ni a gareji, daga ni sai rediyo.

Ka tuna a-kori-kurar mai katako, wadda muka yi wa fentin shasi, wato ƙarfen ƙarƙashinta, shekara bakwai da suka wuce? Ita ce ta raba mu. Kai ka ɗauki gefen hagu, ni dama. Da mai katakon ya dawo yana faɗa cewa fenti ya kumbura, na ce aikinka ne, a gaban mutane. Sai ka rataye rigar aikinka, ka tafi.

Jiya ya sake kawo ta. Na shiga ƙarƙashi da guduma. Gefenka garau, sai ƙara yake kamar sabo. Nawa kuwa ina bugawa tsatsa tana zubo mini a fuska.

Auta, ban kankare tsatsar gefena ba a ranar da muka yi fentin. Kai ka wuni da burushin waya da samfefa, ka shafa jan fentin da ke hana tsatsa, ka jira ya bushe. Ni na goge da tsumma, na fesa baƙi mai sheƙi, na tafi cin abinci. Na sani tun lokacin. Girman kai ne ya hana ni faɗa.

Yanzu na kankare gefena har ƙarfe ya yi fari, na shafa jan. Baƙin ne ya gagare ni, hannuna rawa yake, feshin sai ya yi ta tsiyaya. Na roƙi mai katako ya ba ni wata guda. Ka zo ka fesa. Ka yafe mini. Kewarka ta ishe ni.

Yayanka,
Malam Gaggawa, kamar yadda ka laƙaba mini

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ya yara?

Takardarka ta iso. Na juya ta gaba da baya ina neman saura, ashe layi ɗaya ne: wai in leƙa cikin ƙarfen, tsatsa daga ciki take farawa. Ko gaisuwa babu, ɗan banza! Na yi dariya ni kaɗai, sai kuma hawaye.

Na leƙa da tocila. Gaskiyarka. Kwana huɗu na yi ina zura waya ina kakkaɓe ta, na wanke, na fesa mai a ciki.

Wata ya cika ranar Asabar, mai katako ya zo da direbansa. Dole na fesa baƙin da kaina. Ya tsiyaya a wuri uku, duk wanda ya leƙa zai san gefen wa ne. Gefenka ban taɓa ba, wanke shi kawai na yi.

Rigarka tana nan a ƙusar da ka bar ta. Na sa an wanke. Idan akwai wani abin da ban yi daidai ba, ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Ka huta lafiya.

Yayanka,
Gaggawa