Filin da Aka Bar Mini Kusa da Kai

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana raye ma yaushe ka taɓa bari na kai ƙarshen zance ba ka tare ni da naka labarin ba? Yau dai ni ce mai magana, kuma na yanke wata shawara da ta shafe ka, ba na son in bar ta a cikina.

Mutanen Ƙofar Marke suna lafiya. Abokan hirarka har yanzu suna shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyarka bayan la'asar, amma hirar ba ta nisa suke watsewa. Tsofaffin abokan aikinka na kamfanin siminti na Kalambaina sun zo gaisuwa. Zauren nan da ka yi ta cewa za ka gyara yana nan yana yoyo. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana fasa dutsen siminti, amma zaurensa na zuba! Na sa an liƙe shi kafin damina.

Malam, na je garin. Da na fita takaba ɗanmu Likita ya aiko mini da tikiti, na tafi da fushina. Ka ce mini za ka je wurinsa a duba zuciyarka ka dawo, sai wani ɗan gari a tsakiyar Amurka, wanda ko sunansa ban iya faɗa daidai ba, ya riƙe mini kai. Na ƙudura in na je ba zan yaba komai ba.

Ka tuna yadda kake kira na a waya kana ba ni labarinsa? Nakan ajiye wayar a tabarma in ci gaba da tsintar shinkafa, ina cewa to, to. Ka ɗauka ba na ji. Wallahi ina ji, har na haddace. Da motar Likita ta shiga garin, ni nake nuna masa abubuwa. Ga rumbunan hatsi na siminti da ka ce sun fi hasumiya tsawo. Ga gonakin alkama da masara har iyakar ganin ido, ƙasa shimfiɗe ba tudu ba kwari, iska kuwa ba ta hutawa. Ga kotun a tsakiyar gari da agogo a kanta, inda ka ce duk mutanen gundumar suke zuwa rajistar aure da gona da mutuwa. Ka ce garin bai kai Bodinga ba, amma shi ne hedikwata. Ba ka ƙara gishiri ba.

Na taɓa bangon kotun da hannuna. Na tuna ranar da ka kira ni cike da murna, ka ce, “Hajiya, wanga dutse irin namu na!” Na ce maka duk duniya ka rasa abin kallo a Amurka sai farin dutse. Ka yafe mini wannan tsiyar. Dutsen irin na Kalambaina ne.

Maƙwabciyar Likita, tsohuwa Marta, ta ce kullum sai ka zauna a barandarta kuna hira. Da ɗan Turancina na malamar firamare muka fahimci juna. Ita ta ƙarasa mini tarihin da ka fara. Kakanninta manoma ne daga Jamus, sun biyo layin dogo suka tarar da fili ba itace, suka riƙa sassaƙa dutse suna yin turakun shinge da shi. Ta ce sun yi rigima da garin da ke gaba a kan wanda zai zama hedikwata, har mutanensu suka je da amalanke suka kwaso takardun hukuma. Tana faɗa tana dariya. Da na tambaye ta mutanen da suka tarar a wurin, dariyar ta tsaya. Ta ce an kore su, sunan kogin kawai ya rage daga harshensu. Yanzu kuma samarinsu ne ke tafiya birane, shaguna na rufewa, shi ya sa suke riƙe da Likita hannu bibbiyu.

Ita ta kai ni wurinka. Ka san da a nan Sakkwato ka rasu, ko da a bayan gidanmu aka rufe ka, ba zan taɓa ganin kabarinka ba, don mu mata ba ma shiga maƙabarta. Sai ga ni na tsallake teku na tsaya a kanka. Duk kaburburan a jere suke sambal, naka kaɗai ya karkace don ka fuskanci alƙibla. Da na gan shi na ce ko a nan ma sai ka yi daban.

Marta ta ba ni labarin ranar. Ƙasa ta daskare don sanyi, kuma su a al'adarsu sukan jira kwanaki kafin su binne mutum. Likita ya ce mu ba ma jira. Wani manomi ya kawo abin ɗumama ƙasa, wani ya kawo motar haƙa. Musulmin garin ba su da yawa, Likita ne da wasu 'yan Sudan masu aiki a mayanka. Su suka yi maka salla, mutanen gari suka tsaya a baya sun cire huluna cikin wannan sanyi. A nan fushina ya ƙare, Malam. Na yi kuka har tsohuwa ta riƙe ni.

Sannan ta nuna mini dutsen kabarin mijinta. Sunanta yana rubuce a gefen nasa, da shekarar haihuwarta, an bar wurin ɗaya shekarar fili. Tana raye tana kallon sunanta! Ta ce haka suke yi, miji da mata gefe da gefe. Shi ya sa da hukumar garin ta ware maka kusurwa, ta auna ta mutum biyu. Ɗayan nawa ne. Ban tambaya ba, ba su san ni ba, amma sun bar mini wuri.

Likita ya samu abin riƙo. Ya ce in zauna gaba ɗaya, ga jikoki, ga asibiti, ga ka kusa. Ba zan ɓoye maka ba, na so. Tun da aka kawo ni ɗakinka ban taɓa buɗe baki na ce maka ba na iya zama inda ba ka ba. Wa ke faɗin irin wannan a garinmu? Na dawo gida ban ba shi amsa ba, filin nan yana raina ko ina salla.

Makon jiya ya kira ni. Ɗaya daga cikin 'yan Sudan ɗin da suka yi maka salla ya rasu, dattijo ne, ba shi da kowa a ƙasar. Babu sauran wurin da ke fuskantar alƙibla sai nawa, in ba haka ba sai an ɗauke shi zuwa wani birni mai nisa. Likita bai roƙe ni komai ba, labari kawai ya ba ni. Na ce a ba dattijon wurin. Ya gane abin da nake nufi: a Ƙofar Marke zan zauna, a ƙasar Sakkwato za a rufe ni.

Ka yi fushi? Na yi tunani, Malam. Mutumin ya tsaya a kanka cikin sanyi lokacin da ni ina nesa, yaya zan bari a yi ta yawo da gawarsa saboda wurin da ban san ranar shigarsa ba? Kuma na san ka, ba ka iya zama ba abokin hira. Ni kwanciya kusa da kai a ƙarƙashin ƙasa ba ta ishe ni ba. Inda nake roƙon Allah ya haɗa mu ya fi nan, kuma can ba a buƙatar biza.

An rufe shi ranar Alhamis, Marta ta je. Na ji zafi da aka faɗa mini, har yanzu ina ji, amma ban yi nadama ba. Ka yi maƙwabci. Ka bar shi ya riƙa kai ƙarshen zancensa.

Sai mun haɗu. Allah ya jiƙanku, ku biyun.

Taka har gobe,
Ige, daga Ƙofar Marke