Mama, Ba Muryarki Ce Ta Kauce Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaishe ki da hutawa. Mu nan Daura muna lafiya. An gama girbi, gero ya yi kyau a wajen Zango, gyaɗa ce dai bana ba ta yi auki ba. Yau shekara biyu da wata uku ke nan da muka raka ki makwancinki. Na san akwai waɗanda za su karanta wannan wasiƙa su gane kansu a ciki. Su gane. Da gangan na rubuta ta a fili.

Maganar Bulus ce, Mama, wanda ya ce a riƙa kiransa Farfesa. Har yau babu wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna. Kin tuna zuwansa, a shekarar da cocinmu ya sayi kibod. Aiki ya kawo shi garin nan, ya shigo da takalmi mai ƙyalli da kwat a tsakiyar zafin watan Afrilu, ya ce shi makaɗi ne. Ya zauna, ya rufe ido, ya jefa kai baya, ya goga yatsunsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan kamar mai share tebur. Dattawan ikilisiya suka kalli juna suka ce Allah ya amsa addu'a. Abin da ya burge su shi ne ana jin ƙarar tun daga bakin titi.

Kafin zuwansa shekara ashirin kina ba da waƙa a zumuntar mata. Ke ki bayar, su su amsa, da tulu da caki da tafi. Ba a taɓa rasa inda za a kama ba.

Ranar Lahadin makon mata kika tashi da waƙar nan taki ta godiyar ruwan sama, wadda kika haɗa da bakinki tun muna ƙauye. Ba ki gama baitin farko ba ya faɗo miki da kiɗa. Ke kina nan, shi yana can. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ke, ya jawo makirufo bakinsa don kowa ya ji. "Mama, da haƙuri, kin kauce. Ki saurari kibod ki bi shi." Kika ce, "To, ɗana." Kika sake farawa a inda ya ajiye miki, can sama, kina miƙa wuya, har muryarki ta tsage a gaban jama'a. Kika miƙa wa wata makirufo, kika gyara ɗankwalinki, kika koma kika zauna. Babu dattijo ɗaya da ya ce uffan.

Ni ma ban ce ba. Ina benci na uku, na sunkuyar da kai. Bari in faɗa miki abin da ban faɗa ba kina da rai: ke na ga kin ba ni kunya, ba shi ba. Na yarda da shi. Yana da na'ura mai fitila a gabansa, ke kuwa ba ki da komai sai maƙogwaro.

A hanyar gida kika ce mini, "Tsufa ne, Ladi. Murya ma tana tsufa." Daga ranar ba ki ƙara ba da waƙa a coci ba. A gida ma kika rage. Hajiya ta maƙwabta ta leƙo ta kan katanga wata safiya tana tambaya ko ba ki da lafiya ne, don ta kwana biyu ba ta ji ki kina waƙa wajen wanke-wanke ba. Ita da ba ta taɓa taka ƙofar cocinmu ba ta lura an rasa wani abu. Waɗanda suke zaune a kujerun gaba duk Lahadi ba su lura ba.

Bayan rasuwarki na tarar da muryarki a wayata. Wata rana ce kina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na ɗauke ki ba ki sani ba. Waƙar ruwan ce, baiti bakwai, babu kiɗa, sai ƙarar ɓawo a cikin kwano.

Kin san Oga Emeka, mai shagon kayan babur a hanyar Kongolam, wanda yake zuwa sujadar Turanci. Na je sayen fulogi, ina jira ya sallami wani, na kunna muryarki a hankali. Ya bar abin da yake yi ya ce in ƙara sauti. Sau uku ya sa na maimaita. Na ba shi labarin abin da ya faru. Ya yi tsaki ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, "Wa ya ce wannan mata ya kauce? Kunnen shi ne ya kauce." Ashe mutumin nan tun yana yaro a garinsu aka koya masa kiɗan coci da karatun waƙa a takarda. Shekara da shekaru yana zama a bayan Farfesa yana haɗiye baƙin ciki. Babu wanda ya taɓa tambayarsa ko ya iya wani abu, tunda hannunsa da baƙin mai.

Yana da wani ƙaramin kibod a bayan shago, a kan kwalayen tayoyi. Ya jawo shi ya nemo sautin da kika fara da shi, ya danna. Ya tura waƙar zuwa ƙarshen baiti na bakwai, ya sake danna wannan sautin. Daidai, Mama. Kamar an auna da ma'auni. Kin yi baiti bakwai hannunki na aiki, babu mai riƙe miki murya, ba ki zame sama ko ƙasa ba. Na zauna a kan benci a gaban mutane na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Na ce ya koya mini. Duk Asabar da la'asar nake zuwa, yana koyarwa yana tashi ya sayar da sarƙar babur ya dawo. Abin da ya fara nuna mini shi ne kowace waƙa tana da gida, wato sautin da take komawa ta huta a kansa. Aikin makaɗi na farko shi ne ya yi shiru ya ji inda mai waƙa ya gina gidansa, sannan ya je ya same shi a can. Gidajen nan goma sha biyu ne a jikin kibod, farare da baƙaƙe. Ya sa na haddace do, re, mi a kowannensu, har yatsuna suka riƙa motsi da kansu a kan teburin ajin da nake koyarwa. Sannan ya nuna mini yadda ake haɗa sauti uku su tashi tare, da wanda yake tafiya da wanne.

A nan na gane Farfesa, kuma wallahi abin ya fi ba ni haushi fiye da da. Gida ɗaya ya sani a cikin goma sha biyu. Haɗi uku ya iya: na do, na fa, na so. Shi ke nan jarinsa. Duk waƙar da aka kawo, ta murna ko ta makoki, a wannan turmi yake dakanta. In abin ya ƙi, akwai wani maɓalli da yake ɗaga sautin kibod gaba ɗaya ko ya saukar, sai ya yi ta danna shi a ɓoye yana laluben sa'a, ɗaya hannun yana sama wai Ruhu ya sauko. Sauran duk ado ne da ƙara. Wannan ne mutumin da ya tsayar da ke.

Waƙarki kuwa ba a kan do take hutawa ba, a kan la take. Kuma da sauti biyar kika gina ta, kamar yawancin waƙoƙin da iyayenmu suke yi a gona da wajen daka. Babu fa a cikinta, babu ti. Shi kuma su yake ta zuba miki a kai. Oga Emeka ya ce irin wannan waƙa ba ta son kaya da yawa. Haɗin la a ƙasa, a riƙe shi, a ɗan leƙa wani a dawo, a bar wa murya fili. Wata tara na yi kafin ya ce in daina zuwa ina cinye masa ciniki, in je in yi aiki da abin da na sani.

Ban je na nemi wuri ba. Mama Rifkatu, aminiyarki, ita kaɗai na gaya wa, na kuma kunna mata muryarki.

Ranar godiyar girbi mata suka jeru tun daga ƙofa, da dammunan gero da kwanonin dawa da gyaɗa a ka. Mama Rifkatu ce a gaba. Ta buɗe baki sai ga waƙarki. Tun da kika zauna ran nan babu wanda ya ƙara taɓa ta. Farfesa ya faɗo mata yadda ya saba. Ya danna maɓallinsa, bai dace ba. Ya ƙara, bai dace ba. Ya jawo makirufo ya fara, "Mama, da haƙuri..." Ba ta bar shi ya kai ƙarshe ba. Da kwanon a kanta ta juyo ta ce, "Ɗana, mun gaji da bin ka. Tashi. Ladi, zo ki same mu." Layin mata ya tsaya cak, babu wadda ta sauke kaya, babu wadda ta ƙara taku. Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi silin. Farfesa ya tashi.

Na zauna a gaban kibod. Abu na farko, na rage ƙarar zuwa rabi. Na ce ta sake bayarwa. Na bar ta ta yi layi guda ita kaɗai, na ji inda ta sauka, na nemo shi da yatsa ɗaya, can ƙasa da inda kike yi, don muryarta ta fi taki kauri. Na sa haɗin la a ƙarƙashinta a hankali. Mai tulu ta shigo. Da amshi ya zo, Mama, cocin nan gaba ɗaya ya ɗauka, har tsofaffin da suka shekara suna motsa leɓe kawai. Na yi kuskure a baiti na uku, na danna inda bai kamata ba, na dawo. Babu wanda ya kula. Ba ni ake saurare ba.

Kada ki ɗauka dattawanmu sun koyi wani abu. Sun yi zama na awa uku a kan maganar. Ɗaya ya ce kiɗan ya yi daɗi amma ba shi da ƙarfi, mutanen titi ba za su san ana sujada ba. Wani ya ce ilimin waƙa kayan duniya ne, mai Ruhu ba ya buƙatar do, re, mi. Wannan mutumin da kansa ba ya yarda makanikin da bai koyi aiki ba ya taɓa masa mota, amma sujadar Allah kowa ma ya zo ya yi ta lalube. Na uku damuwarsa ita ce an kunyata bawan Allah a gaban jama'a. Yanzu suka san ana kunyata mutum a gaban jama'a. A ƙarshe suka yanke cewa ni in riƙa yi wa mata kiɗa, shi ya riƙe sauran. Ko sunanki ba a ambata ba.

Bayan mako biyu Farfesa ya tare ni a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Anti Ladi, ki ɗan nuna mini dabarar nan da kika yi." Dabara, Mama. Wata tara a cikin warin taya, shi a wurinsa wani maɓalli ne da bai gano ba. Na ce masa babu dabara, in yana so ya zo ranar Talata da yamma wajen koyon waƙar mata. Na faɗa ne don na tabbata girman kai ba zai bar shi ba.

Ya zo. Babu kwat. Ya nufi kibod, Mama Rifkatu ta ce a'a, ta nuna masa benci a tsakiyar mata, ta miƙa masa caki. Ta ce ya fara da wannan, in ya iya tafiya tare da mutane a yi maganar na'ura. Aka ɗauki waƙa. Mama, mutumin nan ko caki bai iya ba. Yana gaba, yana baya, gumi na zuba. Dariya ta ƙwace mini, mai ƙarfi. Na duba in ga wadda za ta taya ni, babu ko ɗaya. Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta kama wuyan hannunsa tana kaɗawa tare da shi, ba ta ko daina waƙa ba, har ya kama. Ni kaɗai na yi dariya a ɗakin nan. Talata uku ke nan yana zuwa, kuma har yanzu caki ne a hannunsa.

Ban yafe masa ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. In na gan shi raina yana tashi. Amma na san da ke ce a bencin nan, hannunki ne zai kama nasa.

Allah ya ƙara miki hutu a wurin da babu mai tsayar da ke. Ya gafarta mini shirun da na yi, ya cire mini wannan raini kafin ya zama mini hali. Ya ba dattawanmu kunne. Ya sa wa Oga Emeka albarka a shagonsa, ya ƙara wa Mama Rifkatu kwana da lafiya. Ya sada mu a ranar da ya so. Amin.

Taki har kullum,
'yarki Ladi
Daura